Baba a Ajin Auta

Baba ya shiga jami'a a shekarar da gwiwarsa ta fara sanar da shi zuwan ruwan sama tun hadari bai haɗo ba. Ranar da ya gaya wa matarsa cewa falsafa zai karanta, ta jingine tsintsiya da bango ta ƙare masa kallo.

"Falsafa? Irin ta Auta? Wato gida ɗaya, mutum biyu masu tambayar me ya sa. Na shiga uku."

"Ai gemu ba ya hana ilimi," in ji shi.

"Ba ya hanawa. Amma ilimin ma ba ya hana gwiwa ciwo. Ka tambaya ko ajin a sama yake."

A sama yake kuwa, hawa na biyu, kuma matakalar ba ta da tausayi.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa ne a maɗaba'a, yana jera kalmomin wasu. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka mai buga littafi ya fi kowa karatu, alhali ba haka abin yake ba. Littafi ɗaya raba shi ake yi tsakanin ma'aikata, kowa da kasonsa. Sau da yawa Baba zai karanta yadda wani marubuci ya ɗauko gardama, ya kafa ta, ya fara zafi, sai shafukan hannunsa su ƙare. Ƙarshen maganar yana can teburin abokin aikinsa, wanda ba abin da ya dame shi sai lokacin tashi. Haka Baba ya yi ritaya da kai cike da rabin gardama, kuma abin bai daina cin sa ba.

Auta, ƙaramar 'yarsa, tana digiri na uku a wannan sashen. Cikin aikinta har da jagorantar ƙaramin aji na 'yan shekarar farko. Farfesa ne ke yin lacca a babban zaure, daga nan a kasa ɗalibai rukuni-rukuni su tattauna abin da suka ji. Masu karatun yamma irin su Baba rukuninsu ɗaya ne tak, kuma na Auta ne. Farfesa ya ce shi zai riƙa duba jarrabawar Baba da kansa don kada a samu abin faɗa, amma zaman aji, uba da 'ya su san yadda za su yi da juna.

Ɗakin ba shi da girma. Dogon tebur ne a tsakiya, kujeru kewaye da shi ba biyu masu kama ɗaya, da fanka mai kuka kamar ana yi mata dole, da farin allo wanda rubutun bara bai gama fita daga jikinsa ba. Al'adar ajin ita ce kowane zama ɗalibi ɗaya ya miƙe ya faɗi matsayarsa a kan tambayar mako, ya kawo hujja, sannan a taru a kansa. Tun laccar farko Farfesa ya ja musu kunne.

"A wannan sashe, in ka yi magana aka yi maka shiru, to an raina ka. Wanda ya zauna ya nemo ramin da ke cikin maganarka, shi ne ya ɗauke ka mutum."

Baba ya ji daɗin wannan magana har ya maimaita wa matarsa, ita kuma ta ce ashe ta daɗe tana girmama shi bai sani ba.

Makonnin farko, kallon Auta kawai ya ishe shi. Yarinyar da har yanzu in ta ga kyankyaso sai ta kira shi, ita ce ke tsaye gaban allo tana juya maganar mutum kamar mai duba ƙwai a rana. Akwai wani saurayi da ake kira Dogo, mai baki kamar rediyo. Ranar da ya miƙe ya ce duk abin da mutum ke yi don kansa yake yi, Auta ta saurare shi har ya gama, ta maimaita masa maganarsa fiye da yadda ya faɗe ta, ya gyaɗa kai yana murmushi. Sannan ta yi masa tambaya uku, ta huɗun ba ta samu abin da za ta tarar ba. Sauran ɗalibai kowa ya sunkuya kan takardarsa, don in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma abin da ya tsaya wa Baba a rai shi ne mako na gaba. Dogo ya dawo da hujjarsa ya ɗinke ta, idonsa na ƙyalli, tun daga bakin ƙofa yake cewa, "Malama, na samo amsarki!"

Baba ya so haka. Ya so shi ma a tura shi gida da abin da zai hana shi sukuni.

Da layi ya zo kansa, ya yi shiri kamar mai zuwa neman aure. Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya yi bayani a kan alkawari da abin da ke sa ya zama dole a cika shi. Da ya zauna, ya dubi Auta yana jiran sara.

"Madalla," in ji ta. "An gode. Akwai mai tambaya?"

Ba wanda ya motsa. Wa zai ja gemun dattijo a gaban 'yarsa, ita kanta ba ta ja ba? Aka wuce zuwa karatun mako.

Gaskiya dai ranar Baba da fara'a ya koma gida. Ya ce wa matarsa ko mutum ɗaya bai iya ɗaga masa yatsa ba. Tana zuba masa shayi ta ce, ba tare da wata manufa ba, "Ko tari ba wanda ya yi? To ai ni ma in na ga maganarka ba ta da kai, shiru nake yi in bar ka."

Shayin ya yi masa ɗaci. Daga ranar ya fara lura. In ya sa baki a tattaunawa, Auta za ta ce, "Haka ne," ko "Wannan abin dubawa ne," ta juya ga wani. In wani ya faɗi kusan abin da ya faɗa, sai ta tsaya a kansa ta yi masa fata-fata. Baba ya yi ta ba kansa haƙuri cewa wataƙila maganarsa ce ba ta da rami. Amma ya yi shekaru yana farautar kuskure a shafi, ya san ba a yin shafi marar kuskure.

Sai ya ɗana mata tarko. Wata yamma ana maganar yadda ake gina hujja, ya ɗaga hannu, ya daure fuska, ya ce duk tsuntsu yana da fukafuki, jirgin sama ma yana da fukafuki, saboda haka jirgin sama tsuntsu ne. Irin wannan tuntuɓe shi aka fara gargaɗinsu a kai tun makon farko, ko ɗalibin da ke barci a lacca ya san shi. Dogo ya ciji leɓe ya dubi fanka. Auta ta dubi farcenta.

"To," in ji ta a hankali, "wannan ma wata fuska ce."

Baba ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kuma ba kunyar shirmen da ya faɗa ba ce. Ashe duk wannan lokaci lallaɓa shi ake yi, yadda ake yi wa yaron da ya kawo zanen da ba a gane ko akuya ce ko mota. Ya sauko matakalar ranar yana dafa bango, ransa a ɓace, kuma ɓacin ran ya fi ciwo don ya san ƙauna ce ta jawo shi.

Auta tana da lokacin ganin ɗalibai a wani ɗan ofis da take rabawa da wasu masu digiri na uku. Baba bai yi mata maganar a gida ba. Ya je ya zauna a bencin baranda, ya bi layi bayan wata yarinya mai neman a ƙara mata lokacin miƙa aiki. Da Auta ta leƙo ta ce na gaba ya shigo, ta gan shi, sai ta miƙe zumbur ta jawo masa kujerarta.

"Baba! Lafiya? Me ya sa ba ka kira ni ba? Zauna nan."

"Zauna abinki, Malama. Ga kujerar ɗalibai nan, ita zan hau."

Ya zauna a kan ta roba, ya ɗora jakarsa a cinya. Ofishin duk littattafai ne da kofunan shayi da ba a wanke ba.

"Jirgin sama tsuntsu ne?" ya tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. "A'a."

"Kin san haka jiya?"

"Na sani."

"To me ya hana ki faɗa?"

Ta murza murfin biro. Da ta yi magana, muryar ba ta Malama ba ce, ta Auta ce. "Baba, bakina ba zai iya ba. Kai ka koya mini riƙe cokali. Yaya zan tsaya gaban yaran nan in ce maka ka yi kuskure? Sau nawa nake buɗe baki, sai in ga fuskarka, maganar ta koma ciki."

Tausayinta ya kama shi, har ya kusa cewa a bar kaza cikin gashinta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ki saurare ni, Auta. Na ƙare rayuwata ana miƙo mini takarda a ce jera. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na yarda da abin da ke ciki. Ban hau matakalar nan da wannan gwiwa don a ce mini madalla ba, uwarki ma in ta ga dama tana ce mini. Na zo ne in ji ko abin da ke kaina yana da nauyi, ke kuma kin ɓoye ma'aunin. Kuma tunda kin yi shiru, duk ajin sun yi shiru. Ina zaune cikinsu kamar hoton bango."

"Girmamawa ce, Baba."

"Na sani. A gida ina so, kada ki fasa. A can kuwa kin ji abin da Farfesanku ya ce."

Ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara. "Ki ba ni zaman mako mai zuwa. In abin bai canza ba, zan ajiye karatun. Ba fushi ba ne. Zaman ne ba shi da amfani, gara in taya uwarki ban ruwan shukokinta."

Makon nan gidan ya yi wani iri. Uba da 'ya suna gaisawa da ladabi fiye da kima, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Baba yana teburin cin abinci tun safe da littattafai, yana magana shi kaɗai. Auta ta rage cin abinci. Matarsa ta dube su ta ce ita dai ba ta taɓa ganin karatun da ke hana mutane biyu cin abinci lokaci ɗaya ba, kuma in an gama a gaya mata wanda ya ci, don ta san wanda za ta yi wa jaje.

Tambayar makon ita ce: mene ne sani? Yaushe mutum zai ce ya san abu, ba zato yake yi ba?

Baba ya miƙe. Wannan karon ba tarko, iyakar abin da ya yarda da shi ya kawo. Ya ce sani abu biyu ne a haɗe. Na farko, ka tabbata a ranka, ba ɗigon shakka. Na biyu, abin ya kasance gaskiya ne. In ka tabbata amma abin ƙarya ne, ka ruɗu. In abin gaskiya ne amma kana shakka, zato kake yi. In biyun suka haɗu, ka sani, ba sauran wani abu. Ya kawo misalai, ya rufe, ya zauna.

Fanka ta yi ta kukanta. Ɗalibai suna satar kallon Auta. Baba ya ga ta dafa teburin da hannu biyu. Ya fara lissafin yadda zai mayar da littattafan laburare.

"Ina da matsala da wannan ma'anar," in ji Auta.

Muryar ta fito siririya, tana rawa. Dogo ya gyara zama.

"A ce mutum ya dubi sama da safe ya ce yau za a yi ruwa, alhali ko gajimare babu. Da yamma kuma aka yi. Ya sani ke nan?"

"A'a, Malama," in ji Baba, kuma daɗin da ya ji har cikin yatsunsa. "Wannan cinta ya yi. In kika tsare shi da safen kika ce ya sa wani abu nasa a kai, zai ja da baya. Akwai shakka a ransa. Ni kuwa cewa na yi ba ɗigon shakka."

Wani ya ce "Kai!" a ƙasan maƙoshi. Auta ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko tun da aka fara zangon. Ta sake kawo wani misalin, na mai mafarki, ya sake kaucewa. Sai ya ga fuskarta ta canza. Ya san wannan fuskar, ita take yi wa Dogo. Ta bar teburin ta taka zuwa allo ta dawo, rawar muryar ta tafi.

"To a ce wani mutum ne aka haifa masa 'ya bakwaini, aka sa ta a kwalbar jarirai ta asibiti. Likita ya kira shi gefe ya ce kada ya sa rai sosai. Mutumin ya koma wurin matarsa ya ce mata, ki kwantar da hankalinki, na san yarinyar nan za ta rayu. Ba lallashi yake yi ba, har ransa haka yake ji. Yarinyar kuma ta rayu."

Ɗalibai suna rubutu, a wurinsu misali ne kamar kowane. Baba kuwa ɗakin ya yi masa nisa. Labarin nan matarsa ce ke ba da shi, shi bai taɓa buɗe baki a kansa ba. Ya tuna warin maganin asibitin, da ɗan ƙirjin da ke hawa da sauka a bayan gilashi.

"Mutumin nan yana da shakka?" in ji Auta.

"Ba shi da ita," in ji Baba. "Ko ɗigo."

"Abin da ya faɗa ya zama gaskiya?"

Ya dube ta, tsaye da alƙalamin allo a hannu. "Ya zama."

"To abu biyunka sun haɗu. Ya sani ke nan? Ka tuna likita ya fi shi sanin jikin yarinyar, kuma likita bai sani ba."

Baba ya nemi hanya ta dama, ya nemi ta hagu. Da gaske ya nema, don ba ya son faɗuwar da ba a yi kokawa ba. Babu hanya. In ya ce mutumin ya sani, to duk mai fata da ya dace ya zama masani. In ya ce bai sani ba, ma'anarsa ta rushe.

"Bai sani ba," ya ce. "Fata ne. Fata ne mai ƙarfi, ya yi sa'a."

"Saboda haka ma'anarka ba ta isa ba. Akwai abin da ya ɓace a ciki."

"Akwai."

"Mene ne?"

"Dalili," in ji shi a hankali. "Ba shi da abin da ya dogara da shi."

An kayar da shi a gaban yara sa'o'in jikokinsa, kuma bai tuna ranar da ya ji daɗi irin wannan ba. Kafin ya gama goge tabarau, hannun Dogo yana sama. "Baba, ni ma ban yarda da kashi na farkon ba." Wata yarinya a ƙarshen tebur ta ce ita kuma na biyun ne bai kwanta mata ba. Baba ya ce su bi shi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ne. Har lokaci ya ƙare ba a taɓa karatun mako ba.

Da aka watse, Auta ta ɗauki jakarsa, suka kama matakala, shi yana dafa bango, ita tana bin takunsa. Sai da suka kai tsakiya ta yi magana.

"Baba, ka yafe mini. Bai kamata in ɗauko wannan ba. Ka toshe mini ko'ina, shi kaɗai ya rage mini."

"Da kin bar shi ai da kin cuce ni." Ya tsaya yana hutar da gwiwa. "Sai dai akwai abin da ba ki sani ba a misalin nan naki, uwarki ma ba ta sani ba. Mutumin yana da dalili. Ban faɗa a aji ba ne don ba na yara ba ne."

Ta tsaya mataki ɗaya a ƙasansa, ta ɗago.

"Kwalbar tana da wata 'yar ƙofa a gefe. Da likita ya gama maganarsa, na je na wanke hannu na zura yatsa. Kika kama. Duk hannunki bai kai kan yatsan ba, amma kika riƙe kika ƙi saki. A nan na tabbata."

Idon Auta ya cika, hawayen ya zubo ba ta share ba. Ta buɗe baki ta rufe. Baba ya ga maganar na shirin komawa ciki, ya jira ta.

"Baba," in ji ta, tana jan hanci, "wannan ba dalili ba ne. Kowane jariri yana kama yatsa. Har wanda ba zai kwana ba."

"Haka ne?"

"Haka ne."

Baba ya yi dariya har sai da ya riƙe ƙarfen matakala, nasa idon ma ya jiƙe. Ya miƙa mata hannu ta taimaka masa ya sauko matakin.

"To shi ke nan," ya ce. "Ki sa sunana a mako mai zuwa. Zan nemo wani."